Dogo da Gajere: Wa Ya Fi Bugun Ƙwallon Hoki?

Ko wace shekara in aka zo zaɓen 'yan wasan hoki, a makarantu da yawa hanya ɗaya a ke bi. A jera yara, a dubi tsawonsu, a tsame dogaye masu faɗin ƙirji a ce su ne 'yan gaba, wai don su ne masu bugu. Gajeru a tura su baya, ko kuwa a bar su bakin fili suna ɗauko ƙwallo in ya fita. Ku da ke karatu a kwalejin nan, ba da daɗewa ba za a rarraba ku makarantu, kuma da yawanku za a danƙa muku wasanni, ko kun so ko ba ku so ba, gama sabon malami shi a kan ɗora wa wannan kaya. Ran da ka tsaya gaban yara 40 da sanduna 12, abin da ka sani game da jikin mutum shi zai raba wanda zai yi wasa da wanda zai koma ɗaki yana cewa shi ba a yi shi don hoki ba. Saboda haka na ga ya kamata mu auna maganar nan ta tsawo, mu ga iyakar gaskiyar da ke cikinta. Akwai gaskiya a ciki kam, amma ba ta kai yadda a ke zato ba.

Bari mu fara da abin da a ke so mai bugu ya yi. Filin hoki tsawonsa yadi 100 ne, faɗinsa yadi 60. Raga kuwa faɗinta ƙafa 12, tsayinta ƙafa 7. A gaban ko wace raga akwai rabin da'ira wadda nisanta daga raga yadi 16 ne, watau ƙafa 48, kuma ba a ƙidaya ci sai in ɗan gaba ya taɓa ƙwallo da sandarsa a cikin da'irar nan. Ashe ke nan duk bugun da zai zama ci, cikin wani ɗan wuri a ke yinsa, inda abokan gāba su ke cunkushe, ko wanne da sandarsa. A riƙe wannan, don za mu komo gare shi.

Ƙwallon kansa ƙarami ne mai tauri, nauyinsa gram 156 zuwa 163, watau oza 5 da rabi da 'yan kai. Sanda kuma doka ba ta yarda ta wuce gram 737 ba, oza 26 ke nan, tsawonta kuma kada ya wuce santimita 105. Yawancin manyan 'yan wasa da sanda mai inci 36 da rabi ko 37 da rabi su ke wasa. Fuska ɗaya ce shimfiɗaɗɗiya, ɗayar kuwa mai doro ce, ba a taɓa ƙwallo da ita. To, ga abin lura. Tsakanin mutum mai ƙafa 5 da inci 3 da mai ƙafa 6 da inci 3 akwai inci 12 cur, amma tsakanin sandunansu inci ɗaya ne ko biyu. Ƙwallo kuwa a ƙasa ya ke ga su duka. A wasan ƙwallon kwando dogo ya fi kusa da kwando, a hoki dogo shi ya fi nisa da ƙwallo.

Yanzu sai mu ba dogo haƙƙinsa. Duk wanda ya taɓa tsaron tsuntsaye a gona ya san majajjawa. In ka ɗauki biyu, ɗaya mai doguwar igiya ɗaya mai gajeriya, ka juya su ko wacce sau ɗaya cikin lokaci ɗaya, dutsen da ke cikin doguwar shi ya fi gudu, don ya kewaya babbar hanya cikin lokacin da ɗan'uwansa ya kewaya ƙarama. Haka hannu da sanda su ke. Daga kafaɗa zuwa kan sanda kamar igiyar majajjawa ne, kuma gudun ƙwallo ya danganta da gudun kan sanda a daidai lokacin da su ka haɗu. A ce ga samari biyu, na ɗaya daga kafaɗarsa zuwa kan sanda inci 60 ne, na biyu inci 56. In su ka juya jiki da sauri iri ɗaya, sa'ad da ƙwallon gajere ke gudun mil 56 a awa, na dogo zai yi mil 60. Wannan ita ce ribar tsawo, babu mai musunta.

Amma mu bi lissafin har ƙarshe. Mil 60 a awa daidai ya ke da ƙafa 88 a sakan. Daga bakin da'ira, ƙafa 48, ƙwallon dogo zai isa raga cikin rabin sakan da ɗan ƙari. Na gajere zai biyo shi, bambancinsu wajen kashi ɗaya cikin 25 na sakan. Ƙiftawar ido ta fi wannan daɗewa. Mai tsaron raga zai ji bambancin a kan takalmansa, amma da wuya wannan kaɗai ya zama dalilin ci ko rashinsa.

Kuma fa cewa na yi "in su ka juya da sauri iri ɗaya," a nan gizo ke saƙa. Abu mai tsawo ya fi wuyar juyawa. Ɗauki taɓarya ka riƙe ta a tsakiya ka kaɗa, sa'an nan ka riƙe ta a ƙarshe ka sake kaɗawa. Nauyinta bai ƙaru ba ko da na ƙwayar gero, amma sai ka ji kamar an sake maka wata. Masana sun lissafta cewa in sanda biyu nauyinsu ɗaya, amma ɗaya ta ninka ɗayar tsawo, wuyar juya ta daga ƙarshe ninki huɗu ce, ba biyu ba. Saboda haka dogon hannu yana bukatar ƙarin ƙarfi kafin ya kai saurin gajere, yana kuma bukatar ƙarin lokaci. Lokaci kuwa shi ne abin da babu a cikin da'ira. Saurayin da ke gudun yadi 100 cikin sakan 13, cikin rubu'in sakan ya ci kusan yadi 2. In ɗan gaba ya ɓata rubu'in sakan wajen ɗaga sanda can sama don ya nuna ƙarfi, ɗan baya ya iso ya shimfiɗa tasa sandar, magana ta ƙare. Shi ya sa za ka ga gwanaye in sun shiga da'ira su kan zame hannuwansu ƙasa kaɗan daga ƙarshen sanda, su gajarta ta da gangan. Sun sayar da ɗan gudu sun sayi lokaci, kuma cinikin nan ya kan biya su.

To, in tsawo ɗan rabo kaɗan ya ke da shi, daga ina ne gudun ƙwallo ke fitowa? Ni dai amsata ita ce daga ƙasa ya ke tasowa, ya bi jiki gaɓa gaɓa har ya fita ta kan sanda. Ku tuna da makiyayi in zai kaɗa bulala. Hannunsa ba ya wani gudu na a zo a gani, amma bakin bulalar har ƙara ya ke yi. Dalili kuwa gindin bulala mai kauri shi ke fara tafiya, sa'an nan ya tsaya, motsin ya wuce zuwa sashen da ya fi shi sirantaka, shi ma ya miƙa gaba, ko wane sashe ya fi na bayansa sauri. Jikin mai bugu haka ya ke aiki. Ƙafafu da ƙugu su ne gindin bulala, wuyan hannu da sanda su ne bakinta.

Ga yadda abin ke tafiya, kuma ina so mai karatu ya ɗauki sanda ko ƙotar fartanya ya bi ni a hankali. Hannun hagu a ƙarshen sanda, na dama nan ƙarƙashinsa, manne da juna. Mutum ya tsaya a kaikaice, kafaɗar hagu tana duban raga. Sa'ad da sanda ke komawa baya, nauyin jiki yana kan ƙafar dama, wuyan hannu kuma ya lanƙwashe har sanda ta yi kusurwa da damtse. Sai ƙafar hagu ta taka gaba ta dafe ƙasa kusa da ƙwallo, gwiwa a lanƙwashe. Takun nan shi ne mafarin bugu. Da ƙafa ta kafu, sai ƙugu ya fara juyawa wajen raga, alhali kafaɗu suna baya tukuna. Wannan ɗan tsaiko yana miƙe naman ciki da na baya kamar an ja danƙo, in su ka sake sai ƙirji da kafaɗu su juyo da ƙarfin da ya fi wanda za su iya su kaɗai. Kafaɗu su jawo hannuwa. Wuyan hannu shi ne na ƙarshe, yana riƙe da lanƙwasarsa har sai hannuwa sun kusa ƙwallo, sa'an nan ya sake, kan sanda ya faɗo kamar walƙiya. Bayan haɗuwa sanda ta bi ƙwallo wajen raga, kai kuwa yana sunkuye har yanzu a inda ƙwallo ya ke dā.

Duk wannan cikin ƙasa da sakan ɗaya ya ke faruwa, kuma abin da ya fi kome a ciki shi ne jerin. In gaɓa ɗaya ta riga wadda ke gabanta, ƙarfin da aka tara ya zube. Yaron da ya saki wuyan hannu tun sanda tana sama, ya kashe gudunta kafin ta iso ƙwallo. Wanda ya juya ƙugu da kafaɗu tare kamar ƙyaure, ya rasa danƙon nan na tsakiya. Wanda bai taka ba sam, ya tsaya ƙiƙam yana sara da hannuwa, ya bar naman cinya da na ɗuwawu, waɗanda su ne mafi girma a jikin ɗan Adam, suna zaune ba aiki. Asarar da ko wanne daga cikin waɗannan ke jawowa ta fi mil 4 ɗin nan da mu ka ba dogo nesa ba kusa ba. Ku je wurin sussuka da kaka ku duba. Tsohuwar da ta shekara 40 tana bugun dawa, ga ta ba jiki, ba ta haki, amma sandarta ta fi ta ƙaton saurayi faɗuwa da nauyi. Jeri ta iya.

Dogo da gajere ko wanne da irin kuskuren da jikinsa ke ja masa. Dogo, da ya ke ƙwallo ya yi masa nisa, sai ya sunkuya daga ƙugu ya bar gwiwoyi a miƙe. Mutum kuwa in ya lanƙwashe haka kamar lauje, ƙugunsa ba ya juyawa sosai, nauyinsa ya rinjaya kan yatsun ƙafa, sandarsa ta riƙa saukowa a tsaye kamar mai saran itace. Sai ka ga ko ya tono ƙasa ko ya shafi bisan ƙwallo, bayan wasa kuma ya kama kukan ciwon baya. Maganinsa ya buɗe ƙafa, ya lanƙwasa gwiwa, ya saukar da ƙugu, baya kuwa ya bar shi a miƙe. Wannan aikin cinya ne, kuma dogon yaro da ya tashi da sauri sau da yawa cinyarsa ba ta yi ƙwarin da za ta ɗauke shi a tsugune ba. Kafin ka koya masa bugu, ƙarfafa masa ƙafa.

Gajere kuwa matsalarsa sau da yawa ba ta jikinsa ba ce, ta sandar da aka ba shi ce. A makarantunmu sanduna kusan duk tsawonsu ɗaya, na manya. In sanda ta yi wa yaro tsawo, dole ya ajiye ƙwallo nesa da ƙafarsa, bakin sanda ya ɗaga sama, diddigenta kaɗai ke taɓa ƙasa. Awon da aka saba da shi mai sauƙi ne: a tsai da sanda a gefen yaro, ƙarshenta ya zo daidai ƙashin ƙugunsa. In ta wuce, kuma ta katako ce, zarto ya raba gardama. Gara a yanke inci 2 a naɗe da ƙyalle da a bar yaro shekara uku yana koyon bugun da bai dace da jikinsa ba.

Game da nauyin sanda ma akwai ruɗu. Samari suna son mai nauyi, suna ganin ita ce ta maza. Gaskiya ne kan sanda mai nauyi ya fi ba ƙwallo rabo daga gudunsa, amma ribar tana raguwa da sauri. In nauyin da ke bayan bugu daidai ya ke da na ƙwallo, ƙwallo ya sami rabin iyakar abin da zai iya samu. In ya ninka shi biyu, kashi 2 cikin 3. In uku, kashi 3 cikin 4. In huɗu, kashi 4 cikin 5. Ka ga ko wane ƙari ribarsa ta gaza ta bayansa, alhali ko wane ƙari yana rage saurin hannu. Sandar da ta dace da yaro ita ce mafi nauyi wadda zai iya kaɗawa ba tare da jerinsa ya lalace ba. Sandunan katako na dā, waɗanda a ke sassaƙawa a Sialkot ta Pakistan da Jalandhar ta Indiya, sun fi nauyi. Na yanzu da a ke yi da zaren kabon da na gilashi sun fi sauƙi, sun kuma fi tauri, don haka ba su shan ƙarfin bugu kamar katako. Amma ko wacce ce, akwai wuri guda a kanta inda in ƙwallo ya haɗu da shi ba ka jin kome a hannu. In hannun yaro yana zogi bayan bugu, ya kuskure wurin nan, gudun ya tafi cikin girgiza sanda.

Har yanzu kan ƙarfi mu ke ta magana, alhali ƙwallon da ya wuce gefen raga da gudun mil 70 sunansa banza. Daga tsakiyar bakin da'ira, faɗin raga duka bai wuce digiri 14 ba a idon mai bugu, 7 dama 7 hagu. Dubi agogo. Daga layin minti ɗaya zuwa na gaba digiri 6 ne. Watau in ka auna tsakiyar raga, fuskar sandarka ta karkace da abin da ya ɗara minti ɗaya na agogo kaɗan, ƙwallo ya sami ƙarfen raga ko ya fita. Ko wane digiri ɗaya yana kau da ƙwallo inci 10 kafin ya isa. In daga gefen da'ira ne, ƙofar ta fi haka ƙunci. Abin da ke riƙe fuskar sanda daidai kuwa shi ne ƙarfin damtse da wuyan hannu, da kafuwar ƙafar hagu, da kan da ba ya motsi. Babu ɗaya cikin ukun nan da a ke aunawa da tsayin mutum. Hasali ma wanda ƙugunsa ya fi kusa da ƙasa shi ya fi wuyar tangaɗi.

Tarihin wasan ya goyi bayan wannan. Dhyan Chand na Indiya, wanda ya ci lambar zinariya a wasannin Olimfik na 1928 da 1932 da 1936, matsakaicin mutum ne, kuma abin da aka san shi da shi iya sarrafa ƙwallo ne da ajiye shi inda gola ba ya nan. A wasan ƙarshe na 1936 a Balin, Indiya ta ci Jamus 8 da 1. Jamie Dwyer na Ostareliya, wanda tsawonsa mita 1.72 ne, sau biyar ana zaɓensa gwanin duniya, kuma shi ya ci ƙwallon da ya ba ƙasarsa zinariya a kan Holan a Olimfik na 2004 a Atina. Da a wata makaranta ya tashi inda a ke jera yara a dubi tsawo, wa ya sani, watakila da ɗauko ƙwallo ya ƙare.

Akwai dai wani irin harbi guda inda zan yarda tsawon gaɓoɓi ya fi amfani, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, don shi ne babban makamin hoki na zamanin nan. A Olimfik na 1976 a Montreal ta Kanada aka fara wasa a kan ciyawar roba maimakon ta Allah. Fili ya zama sumul, ƙwallo ya daina tsalle, sai dabaru su ka sake. Ga kuma wata doka game da gajeriyar kwana, watau horon da a ke yi wa 'yan baya in sun yi laifi cikin da'ira. A kan turo ƙwallo daga layin baya, a tsai da shi a wajen da'ira, a shigo da shi a harba. In bugu ne, dole harbin farko ya ƙetare layin raga bai fi inci 18 daga ƙasa ba, watau tsayin katakon da ke gindin raga. Da gola ya gane haka, sai ya riƙa kwantawa ya toshe ƙasa duka. Amma dokar ba ta hana ɗaga ƙwallo ba in wurga shi aka yi ba bugu ba. Daga nan ne, wajen farkon shekarun 1990, 'yan wasa, musamman na Holan, su ka ƙware a abin da zan kira ja-ka-wurga.

A wannan harbi ba a ɗaga sanda ko kaɗan. Mai harbi ya taho da gudu, ya wuce ƙwallo har ya bar shi a bayan ƙafarsa ta dama, ya yi wani dogon taku da ƙafar hagu, ya yi ƙasa ƙwarai har hannuwansa su kusa taɓa fili. Sa'an nan ya ɗauko ƙwallo a jikin sanda ya ja shi wajen yadi 2, ƙwallo yana gangarawa daga jikin sanda zuwa kanta, ƙugu da kafaɗu suna juyawa bisa jerin nan da na faɗa, har ya cilla shi. A bugu, sanda da ƙwallo haɗuwar ƙiftawa su ke yi. A nan kuwa tura ƙwallo a ke yi tun daga farko har ƙarshe, kuma gudun da zai samu ya danganta da ƙarfin turi da tsawon hanyar da aka tura shi. Mai dogayen ƙafafu da dogayen hannuwa hanyarsa ta fi tsawo. Ga gwanaye ƙwallon kan wuce kilomita 100 a awa, har sai da hukumar wasan ta duniya ta ƙayyade lanƙwasar jikin sanda kada ta wuce milimita 25, don masu ƙira sun yi ta ƙara ta saboda wannan harbi. Sohail Abbas na Pakistan ya ci wa ƙasarsa ƙwallo 348, yawancinsu ta wannan hanya. Gonzalo Peillat na Ajantina ya ci 11 a Olimfik na 2016, Alexander Hendrickx na Beljiyam ya ci 14 a na Tokiyo da aka yi a 2021, Harmanpreet Singh na Indiya ya ci 10 a na Paris a 2024, ko wanne shi ne kan gaba a shekararsa.

Duk da haka, ko a nan tsawo sai da laushi. Dogon da kwatangwalonsa ya sandare ba zai iya buɗe taku ya yi ƙasa ba, kuma hanyar jansa ba za ta kai ta matsakaicin da ke iya baje ƙafa ba. Cikin gwanayen harbin nan akwai dogaye, akwai matsakaita. Sa'an nan sai an lura da faɗuwar ƙwallo. Abin da ke iska cikin rabin sakan ya kan sauka ƙafa 4, saboda haka wanda ke son ƙwallo ya shiga a tsayin ƙafa 6 daga bakin da'ira, kamar ƙafa 10 zai nufa. Wani gargaɗi kuma: murɗa jiki a sunkuye sau ɗari ɗari yana cin baya da kwatangwalo, kuma masu wannan harbi sun fi sauran 'yan wasa fama da ciwon wuraren nan. Ban yarda a sa yaron da ƙashinsa bai gama ƙwari ba ya wuni yana yinsa. Balle ma a filayenmu na jar ƙasa da tsakuwa, inda da hunturu ƙwallo ke tsalle kamar fara, jan ƙwallo yadi 2 a jikin sanda wahala ce kawai. A irin filin nan gajeren bugu da turi su ne abin dogara.

Bahago fa? Babu sandar hagu a hoki, kowa da ta dama ya ke wasa, don haka wasu malamai su kan sallami bahago tun ran farko. Kuskure ne babba. Hannun hagu shi ke sama, shi ke juya sanda, shi ke jan bugu. A harbin baibai ma, wanda a ke yi daga ɓangaren hagu da gefen sanda a kwance, hannun hagu ne kusan kome. Bahago da jarinsa ya zo.

Me malami zai auna ke nan? Tsawo dai a auna, don zaɓen sanda. A auna gaba kuma, watau daga yatsan hannu zuwa yatsan hannu in an baje su. Ga yawancin mutane gaba da tsayi kusan ɗaya ne, amma za ka sami yaron da gabansa ya ɗara tsayinsa da inci 2 ko 3, wannan ya sami dogon hannu ba tare da ya yi nisa da ƙasa ba, kuma a hoki babu kamarsa. A gwada tsallen gaba daga tsaye don ganin ƙarfin ƙafa, da jifan abu mai nauyi da hannu biyu daga gefe don ganin juyin ƙugu, da yadda yaro ke iya buɗe taku ya yi ƙasa bayansa a miƙe. A riƙa maimaita awon ko wane zango, gama yaro mai shekara 13 ko 14 ya kan ƙara inci 3 ko fi cikin shekara guda, kuma ƙafafu ke fara tsawo kafin gangar jiki. Sa'an nan ne za ka ga wanda bara ya ke bugu tsaf, bana yana ta kuskure. Ba lalaci ya same shi ba, jikin da ya koya da shi ne ya sake, sai a sake masa sanda a yi haƙuri da shi wata biyu ko uku. 'Yan mata su kan riga maza shiga wannan hali da kamar shekara biyu.

Gudun ƙwallo ma ana iya aunawa ba tare da wata na'ura mai tsada ba, gani kuwa ya kori ji. Yawancin wayoyin hannu suna ɗaukar hoto 30 a sakan in ana ɗaukar bidiyo. A ajiye ƙwallo a bakin da'ira, mai waya ya tsaya can gefe inda zai ga mai bugu da raga duka. Bayan bugu a bi hotunan ɗai ɗai, a ƙidaya daga barin ƙwallo sanda zuwa isarsa layin raga. In hoto 15 ne, rabin sakan ke nan, ƙafa 96 a sakan, wajen mil 65 a awa. In 20 ne, ƙafa 72 a sakan, wajen mil 49. Ko wane yaro a ba shi bugu 10, a rubuta gudu, a rubuta nawa su ka shiga raga, a kuma ƙidaya hotunan da ya ci tun daga tsai da ƙwallo har ya buga shi. Wannan lamba ta uku ita malamai su kan manta, ita ce kuwa ke nuna wanda zai sami damar harbi in 'yan baya sun rufo shi. A rubuta su duka a littafin wasanni kusa da tsawon yaro da gabansa, a sa kwanan wata, a bar shafi a gaba don awon zango mai zuwa.